Dalar Azurfa Mai Shekarar 1780: Tarihinta da Yadda Ake Gane Mai Kyau

A gidaje da dama a nan Potiskum, da Fika da ƙauyukan kewaye, idan tsohuwa ta rasu aka zo buɗe adakarta, akan tarar da wani faffaɗan kuɗin azurfa mai nauyi, ƙulle a tsumma. Fuska ɗaya hoton wata mace ce mai jiki da mayafi, ɗaya fuskar kuma gaggafa mai kai biyu, a gefe an rubuta 1780. Daga nan sai magana ta rabu. Wani ya ce dukiyar miliyoyi ce tunda ta haura shekara 240, wani ya ce tarkace ne a ba yara. Duk su biyun sun yi kuskure, kuma irin wannan kuskuren kan jawo asara ko saɓani wajen rabon gado.

Matar da ke jikin kuɗin ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta hau mulki a 1740. An fara buga dala da hotonta a 1741. Ta rasu a 1780, amma a lokacin fataken Gabas ta Tsakiya sun riga sun aminta da kuɗin, har ba sa son a sauya masa komai. Don haka aka ci gaba da buga shi da shekarar rasuwarta, ba tare da an sake ta ba. A 1858 Ostiriya ta daina cin kasuwa da shi a cikin gida, amma ba ta daina bugawa don ƙasashen waje ba, kuma har yau gidan buga kuɗi na birnin Biyana yana fitar da sababbi da wannan shekara ta 1780. Ke nan shekarar ba ta nuna tsufa. Dalar da aka buga bara da wadda aka buga zamanin Shehu Laminu duk rubutu ɗaya ke jikinsu.

Ba Ostiriya kaɗai ta buga ba. A 1935, da Italiya za ta mamaye Habasha, ta karɓo ƙarafan bugun daga Biyana ta riƙa bugawa a Roma, domin mutanen Habasha ba su yarda da wani kuɗi kamar wannan ba. Daga 1936 Ingila ta fara buga nata a Landan, aka kuma buga a Faris, da Barasil ta ƙasar Beljiyam, da Bombai ta Indiya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Jimillar abin da aka buga ta kai ɗaruruwan miliyoyi. Abin da yake da yawa haka ba ya tsada don ƙaranci.

Ta hanyar Sahara ta fara shigo mana, daga Tarabulus ta Fezzan da Bilma zuwa Kukawa, da kuma ta Agadas zuwa Katsina da Kano. Hanya ta biyu ita ce ta gabas, wadda alhazan ƙafa ke bi ta Wadai da Darfur zuwa Bahar Maliya, inda duk zangon da suka sauka wannan dala tana ci. Larabawa na kiranta Abu Ɗair saboda tsuntsun, a Hijaz kuma riyal faransi, duk da ba Faransa ce tushenta ba. Barebari na cewa gursu, Hausawa kuma liyari ko dala. Har yau a Nijar faran biyar ake kira dala, sunan da ya samo asali daga manyan kuɗin azurfa na wancan zamani.

Bature ɗan Jamus Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a farkon 1851, ya tarar dala ɗaya tana daidai da wuri 2,500. A lissafa: keso ɗaya na wuri 20,000, wanda sai ƙato ya sunkuya ya ɗauka, dala 8 ce kacal, da ba su kai kwatan kilo ba. Wannan ya sa falke mai tafiya nesa ya fi son azurfa a lalitarsa. A Kukawa, wajen wannan lokacin ne, zamanin Shehu Umar, wuri ya fara ci a kasuwa tare da dala, bayan an daɗe ana ciniki da gabagar saƙi. Da wani Bajamushen, Gustav Nachtigal, ya zo a 1870, ya tarar dala ce ma'aunin manyan ciniki a Borno, wuri kuma na cefane. Ƙasarmu tana tsakanin Borno da ƙasar Hausa, don haka ba abin mamaki ba ne a samu ragowarta a gidajenmu.

Zuwan Turawan mulki ne ya kore ta daga kasuwa. Sun hana shigo da wuri a 1904, suka fito da kwabo da anini masu huji, sannan a 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda ta fito da sulenta a 1913. Haraji kuma da kuɗin Bature ake biya. A 1924, lokacin da aka dawo da hedikwatar masarautar Fika zuwa Potiskum, sule da fam sun riga sun kama kasuwa. Dala sai ta koma ajiyar mata da abin aikin maƙeran fari, suna narkar da ita su yi zobe, da warwaro, da munduwa, da adon sirdi da linzami. Matan Fulani kuma suna huda ta ko a lika mata kunne su rataya a kitso.

To yaya ake gane mai kyau? Na farko nauyi. Cikakkiyar dala giram 28 ce da ɗan ɗoriya kaɗan, faɗinta kuma wajen santimita 4. A kai ta kan ƙaramin sikelin masu sayar da gwal. Wadda ta sha hannu tana iya rasa ɗan abu kaɗan, amma idan aka ga giram 24 ko ƙasa da haka, kuma ba huji ba yanka, a yi shakka. Ba zallar azurfa ba ce: kashi 833 cikin 1,000 ne azurfa, sauran jan ƙarfe, wato azurfar da ke ciki giram 23 ce da kusan rabi. Da wannan adadin ake lissafin mafi ƙarancin kuɗinta, a kan farashin azurfa na ranar.

Na biyu ƙara da maganaɗisu. A ɗora ta a kan ɗan yatsa a ɗan ƙwanƙwasa gefenta da wani kuɗin. Azurfa tana amo mai zaƙi da ke daɗewa, dalma ko kuza kuwa ƙararsu a dushe take, nan take ta mutu. Maganaɗisu ba ya kama azurfa. Idan ya kama, magana ta ƙare. Idan bai kama ba, ba a gama ba tukuna, domin tagulla ma ba ya kama ta.

Na uku baki. A kewayen bakin dalar gaskiya akwai rubutun Latin mai tudu da 'yan zane-zane, wanda ma'anarsa ita ce adalci da rangwame. An yi shi ne don kada a kankare gefen a saci azurfa. Jabun da aka zuba a kasko bakinta kan zama sumul ko da layin haɗi, fuskarta kuma da 'yan ramuka kamar zanzana. A duba kuma haruffa biyu, S da F, a ƙarƙashin hoton, da alama mai kama da X bayan shekarar.

Na huɗu shi ne cinyewa, kuma nan ne gwanintar mutanen da take. Ɗan kasuwa a Sudan ko Habasha ko Yaman yakan sa babban yatsa ya shafa maɗaurin da ke kafaɗar sarauniyar da kambin da ke goshinta, yana neman 'yan duwatsun adon da ke jere. Idan suna ƙirguwa ɗaya bayan ɗaya, dala ta cika. Idan sun shafe, sai ya rage mata daraja ko ya ƙi karɓa. Hikimar ita ce wuraren da suka fi tudu su ne ke fara cinyewa. Masu tara tsofaffin kuɗi na yau ma haka suke yi. A Amurka suna da ma'auni daga 1 zuwa 70, wanda William Sheldon ya fito da shi a 1949, amma mu matakai huɗu sun ishe mu: wadda ba ta taɓa yawo ba, tana da ƙyallin gidan bugu, wadda tudun gashi da fuka-fukan gaggafa suka ɗan goge, wadda duwatsun suka haɗe amma rubutu na karantuwa, sai wadda ta shafe, ko aka huda, ko aka lika mata kunne. Ta ƙarshen nan kuɗin azurfarta kawai za a biya.

Gargaɗi babba: kada a wanke ta. Ba toka, ba tsamiya, ba lemun tsami, ba yashi. Baƙin da ta yi ba aibi ba ne wurin masana, gogewa kuwa tana barin ƙarce da ba ya gyaruwa, ta zubar da farashi. A riƙe ta ta baki, a naɗe a tsumma busasshe, kowace daban.

Akwai 'yan ƙalilan da aka buga tun farko-farko waɗanda masu tarawa ke saye da tsada, kuma ana bambance su ne da ƙananan alamu kamar adadin duwatsun da sifar jelar gaggafa, aikin da sai ƙwararre. Yawancin na hannunmu ba sa cikinsu. Saboda haka idan dala ta fito cikin gado, a auna ta a gaban magada, a ji bakin maƙera biyu ko uku, a tambayi farashin giram na azurfa kafin a sallama. Wanda ya zo yana cewa 1780 ta sa ta zama ta miliyoyi, a ba shi kuɗin mota ya kai ta wurin mai saye, a yi hattara da shi. Wanda kuma ya ce ƙarfen banza ne ya miƙo ɗari biyar, shi ma haka.

Idan babu matsi, shawara ita ce a bar ta a gida, a rubuta a takarda sunan mai ita da inda ta samo ta, a ajiye tare. Sau da yawa ita ce kaɗai shaidar da ta rage cewa wani kaka ya yi fatauci zuwa Kukawa ko ya taka zuwa Makka da ƙafa. Allah ya jiƙan magabatanmu.