Makarantar da Ke Amsa Suna Biyu

Idan muka rubuta Rimi College a intanet, labarin makarantar gwamnati da ke Unguwan Rimi a Kaduna za mu gani. Idan kuma muka rubuta St. John's College Kaduna, sai tarihin rayuwar sojoji da 'yan siyasa ya fito. Alhali makaranta ɗaya ce. Mu masu aikin kwamfuta mun san abin da kan faru idan aka sauya wa fayil suna: yana nan, amma mai nemansa da tsohon suna zai ɗauka ya ɓace.

Limaman Katolika na ƙungiyar SMA, akasarinsu 'yan ƙasar Ayalan, su suka buɗe ta a 1949. Ba banza ba suka zaɓi Kaduna. Turawan mulki sun daɗe suna taka wa 'yan mishan birki a biranen sarakuna, saboda alkawarin da Lugga ya yi na ƙin taɓa addinin jama'a. Kaduna kuwa sabon gari ne, Turawan suka gina shi, jirgin ƙasa ya cika shi da ma'aikata daga Kudu, 'ya'yansu kuma suna bukatar karatu. A shekarar ce ma kwalejin gwamnati da muka sani yanzu da suna Barewa ta tashi daga Kaduna ta koma Zariya. Iyaye Musulmi da dama sun yi ɗari-ɗari da makarantun mishan, gudun kada yaro ya tafi neman boko ya dawo da wani addinin.

Ɗalibin da ya fi kowa shahara shi ne wanda ba mu son ambata. Chukwuma Kaduna Nzeogwu a nan ya yi sakandare kafin ya shiga soja, kuma shi ya jagoranci harin da aka kashe Sardauna a gidansa ranar 15 ga Janairu, 1966. Amma a nan ɗin dai Patrick Yakowa ya yi karatu, Kirista na farko da ya mulki Jihar Kaduna, daga 2010 har rasuwarsa a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a 2012. Ba mu ga adalci ba a auna makaranta da ɗalibi ɗaya, ko wanne ne a cikinsu.

A 1972, bayan yaƙin basasa, gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya ƙarƙashin Abba Kyari ta karɓe makarantun mishan ta sauya musu suna. St. John's ta zama Rimi. St. Paul's ta Angilikan a Wusasa ta zama Kufena. Ta 'yan mata da ke Kakuri, Queen of Apostles, rabin sunanta kawai aka taɓa, ta koma Queen Amina.

Hujjar gwamnati tana da ƙarfi: ɗan kowa ya shiga aji ba tare da fargabar addini ba, kuma dubban yara sun amfana. Cocin ma tana da tata, don ita ta yi ginin, ta kawo malamai, rana ɗaya aka ce ta miƙa makulli. Abin da ya fi damun mu shi ne an goge sunan har da labarin, ta yadda yaro zai gama Rimi bai san wa ya aza tubalinta ba.

Legas ta mayar wa 'yan mishan makarantunsu a 2001, Anambra ta bi sahu a 2011. A Kaduna shugabannin Katolika sun sha neman haka, amma har yau Rimi tana hannun gwamnati.