Bello Kagara da Gandoki: Jarumin da Ya Fito Daga Maƙwabtanmu

Daga nan Kuyello nake magana da ku, kuma yau hirarmu a kan wani marubuci ce da yawancinmu muka san sunan littafinsa fiye da nasa. In na ce Gandoki, da yawa za su gyaɗa kai. In na ce Malam Muhammadu Bello Kagara, sai a fara kallon juna.

To, maƙwabcinmu ne. Ka bi ta Birnin Gwari, ka wuce Pandogari, sai ga ka a Kagara ta jihar Neja. A nan aka haife shi a 1890, ɗan Malam Shehu Usman, alƙalin garin. Shi ne yayan Abubakar Imam mai Magana Jari Ce, kuma a hannunsa Imam ya tashi a Katsina. Bello ya yi karatun addini a gida, ya shiga makarantar Ɗan Hausa a Kano, daga baya ya shafe shekaru yana koyar da Larabci da addini a Kwalejin Katsina. Ya yi alƙalanci, ya zama Walin Katsina, ya rubuta tarihin Sarki Muhammadu Dikko, ya rasu a 1971.

Yadda aka yi Gandoki ya samu kuwa, a 1933 wani Bature mai suna Rupert East, da ke Hukumar Fassara a Zariya, ya ga yara na koyon boko amma babu abin karantawa mai daɗi da Hausa. Sai ya zaga wurin malamai ya sa gasar ƙaga labari. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja, Gandoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Ka ga gida ɗaya ya kwashi biyu.

Abin da ya bambanta Gandoki shi ne marubucin bai je nesa neman labari ba. Turawa sun ci Kwantagora a farkon 1901, lokacin Bello yana ɗan shekara goma sha ɗaya ko kusa da haka. Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli na wannan shekarar. Wato sa'ad da yake rubutu, shekara talatin kacal da yin abin, waɗanda suka riƙe takobi suna nan da ransu. Sai ya ƙago tsohon mayaƙi, Gandoki, ya zaunar da shi gaban yara yana ba su labarin yadda ya gwabza da Turawa a ƙarƙashin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, har ya bi ayarin hijira zuwa Burmi. Sarakunan na gaske ne, garuruwan na gaske, yaƙe-yaƙen ma haka. Jarumin ne kaɗai na ƙirƙira. Ga kirari, ga cika baki, ga ƙarar dawaki. Yaro na karantawa yana jin kamar a kunnensa ake buga ganga.

Bayan Burmi labarin ya bar ƙasa ya hau iska. Gandoki da ɗansa Garba Gagare suka faɗa duniyar aljannu da ƙasashe masu nisa, suna yaƙi suna musuluntar da mutane. Ni dai a ganina nan littafin ya ɗan yi rauni, amma na fahimci dalili: jarumin da bindigar Bature ta kora, dole a nema masa filin da zai ci nasara. Da ya dawo gida kuma ya tarar Turawa sun zauna daram, muryar littafin a kansu ta yi laushi. Kar ku manta wa ya sa gasar, kuma wa zai buga.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya, mu 'yan wannan yanki. Nagwamatse da Gandoki ke yi wa barde, ba a san shi da yaƙar Turawa kaɗai ba. Kafin zuwansu, dakarun Kwantagora sun shahara da kai hari ƙasashen Gwari da Kamuku da Kambari suna kama bayi. Mutane sun bar gonakinsu sun hau duwatsu saboda su. Littafin yana kallon wannan duka daga kan sirdi, mutanen da ake kora kuwa arna ne kawai a bakin jarumin, ba su da suna, ba su da magana. Ɗan makarantar da ke dariyar bajintar Gandoki a Birnin Gwari, ta yiwu kakan kakansa na cikin waɗanda suka gudu.

Ba ina cewa a ajiye littafin ba ne, ko kusa. Bello Kagara ya yi abin da ba a saba ba: a tsakiyar mulkin mallaka ya ba yaran Arewa jarumi Bahaushe da ya tsaya gaban Bature bai durƙusa ba. Amma mu da muka san mene ne mahara su fito daga daji su tashi ƙauye, mu da muka ji yadda aka kwashe ɗalibai daga makarantar kimiyya ta Kagara, garin marubucin kansa, a watan Fabrairun 2021, ba za mu karanta shafukan harin nan kamar yadda ɗan Katsina ya karanta su a 1934 ba. Malamin da zai koyar da Gandoki a Kuyello, ya kamata in ya gama babin yaƙi ya tambayi yara: to, su mutanen garin da aka ci fa, ina suka kwana a daren?

Wanda kakanninsa suka bar masa labarin zamanin Nagwamatse, ya turo mana, da sunan garin da abin ya faru. Sai mun haɗu a shiri na gaba.