Sake Amfani da Buɗaɗɗiyar Manhaja a Manufofin Kiwon Lafiya: Nazari a kan SORMAS

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi SORMAS, manhajar sa ido kan cututtuka, daga Nijeriya zuwa Jamus domin gano abin da buɗe tushen manhaja yake amfana wa gwamnati. Ta nuna cewa buɗe manhaja daban, buɗe bayanan da take tarawa daban, kuma manufofin gwamnati kan cakuɗa su.

Gabatarwa

A watan Yuli na 2014 cutar Ebola ta shigo Legas. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da kawar da ita ranar 20 ga Oktoba. Wahalar bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da majiyyata ita ta haifar da SORMAS, aikin haɗin guiwar cibiyar binciken cututtuka ta Helmholtz da ke Jamus da ma'aikatan lafiya na Nijeriya. Daga baya aka buɗe tushenta, ta yadda kowace hukuma za ta iya ɗauka ta gyara ba tare da biyan kuɗin lasisi ba.

Tattaunawa

An saba ganin fasaha tana gangarowa daga Turai zuwa Afirka. A nan reshe ya juye da mujiya. Hukumar daƙile cututtuka ta Nijeriya, NCDC, ta yi aiki da manhajar wajen sa ido kan ƙyandar biri a 2017, Ghana ma ta karɓe ta, sannan a 2020, da korona ta ɓarke, gwamnatin Jamus ta nemi ofisoshin lafiya na gundumominta su koma kanta, alhali da yawansu na aika rahoto da na'urar faks.

Sai dai karɓuwar ba ta zo da sauƙi ba. Ofisoshi da dama sun girka manhajar amma suka ci gaba da tsofaffin shirye-shiryensu, domin haɗa ta da tsarin kai rahoto ga Cibiyar Robert Koch, mai sa ido kan cututtuka a Jamus, ya ɗauki lokaci, ga ma'aikata cikin tsananin aiki. Lasisi kyauta ne. Horar da jami'ai, kula da rumbun bayanai da albashin masu gyara kuwa sai an ware musu kuɗi a kasafi.

A Nijeriya kuwa, batun bayanai ya fi sarƙaƙiya. Abin da jami'in sa ido na ƙaramar hukuma yake shigarwa ya ƙunshi suna da unguwar majiyyaci, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya wa irin wannan shinge, wanda daidai ne. Amma alƙaluman da aka tace, kamar na zazzaɓin Lassa, galibi a rahoton mako-mako na PDF suke fitowa. Mai bincike a Kano ko Zariya sai ya kwafe su da hannu kafin ya yi lissafi. A ganin wannan nazari, a nan ya kamata doka ta sa baki: ta wajabta fitar da alƙaluman a jadawalin da kwamfuta za ta iya karantawa, jiha-jiha, a kan kari.