JF-17 Thunder

JF-17 Thunder jirgin yaƙi ne mara nauyi, mai inji ɗaya, wanda Pakistan da Sin suka ƙera tare. Ya fara tashi a shekarar 2003, ana kuma harhaɗa shi a Kamra da ke Pakistan. Injinsa na Rasha ne, RD-93, gudunsa kuwa ya kai ninki 1.6 na gudun sauti.

Tun farko an zana shi ne don ƙasar da aljihunta bai da zurfi. Inji ɗaya yana rage shan mai da kuɗin gyara, amma idan ya mutu a sama babu na biyu da zai dawo da matuƙi gida. Su-35 na Rasha inji biyu gare shi, ya fi nisan zango da ɗaukar makamai, sai dai girmansa yana sa na'urar hangen jirage ta gano shi tun daga nesa. F-35 na Amurka yana ɓoye makamansa a cikin cikinsa don kada a hango shi, abin da ya taƙaita yawan abin da zai ɗauka a ɓoye, ga tsadar kula da fatar jikinsa. JF-17 bai shiga wannan gasar ba. A ƙarƙashin fikafikai da ciki ake rataye masa makamai.

Rundunar Sojin Saman Najeriya ta karɓi guda 3 a Makurɗi a shekarar 2021. Myanmar ma tana amfani da shi.