Zaren da ake ɗinke ƙari da shi: daga hanjin tumaki zuwa yau

1/ Watan jiya Yayata ta haihu, aka yi mata ƙari. Kwana biyar ba ta iya zama sai a karkace, a na shida ɗinkin ya buɗe. 'Yan barka kowa da nasa bayanin, har da masu cewa raki ne. Ni kuwa takardar kayan da aka sa mijinta ya sayo na duba, na ga sunan zaren: katgot. Shi ne na bi tarihinsa.

2/ Katgot daga hanjin tumaki ko shanu ake yin sa. Tsohon abu ne ƙwarai. Abul Ƙasim al-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu a 1013, ya yi ɗinkin cikin jiki da zaren hanji, don jiki na cinye shi, ba sai an cire ba.

3/ Matsalarsa ƙwayoyin cuta da saurin narkewa. Joseph Lister na Birtaniya ya fara tsaftace shi da sinadari, a 1881 kuma ya jiƙa shi a sinadarin kuromik don ya ƙara daɗewa. Wannan samfurin ne har yau a asibitocinmu da yawa. 1881 fa!

4/ Shi kansa ƙarin, Fielding Ould ya rubuta bayaninsa a Dublin a 1742, na haihuwar da ta yi gardama. A 1920 Joseph DeLee na Amurka ya yi kiran a riƙa yin sa tun kafin matsala ta zo, ya zama al'ada. Mata miliyoyi, da zaren hanji aka ɗinke su.

5/ Ga inda gizo ke saƙa. Jiki na ɗaukar katgot a matsayin baƙon nama, sai ya taso masa da kumburi kafin ya narkar da shi. Kumburi a wurin da mace ke zama a kai, ga jinin biƙi, ga fitsari. Ku ƙiyasta.

6/ A 1970 aka fito da Dexon, a 1974 Vicryl. Zaren roba ne, ruwan jiki ke narkar da su a hankali, kumburin kaɗan ne.

7/ Nazarin Cochrane na 2010 ya haɗa gwaji 18, mata fiye da dubu goma. Masu zaren roba sun fi samun sauƙin ciwo a kwanaki ukun farko, ba su sha maganin ciwo da yawa ba, kuma ba su kai masu katgot komawa sake ɗinki ba. Amma shi ma yana da nasa: wani lokaci yakan ƙi narkewa sai an cire. Samfurin Vicryl Rapide mai saurin narkewa ya rage wannan.

8/ Turai ta bar katgot a farkon shekarun 2000, saboda tsoron cutar haukan shanu. Mu araha ce ta riƙe mu.

9/ Ban ce zare kaɗai ya buɗe ɗinkin Yaya ba, tsafta da hannun mai ɗinki suna ciki. Abin da ya tsaya mini a rai, ba wanda ya gaya wa mijinta akwai wani zaren, alhali da zai iya saye. Da aka sake ɗinkin sai da ya tambayi ungozoma da bakinsa, ta rubuta masa Vicryl.