Wanzami, Beli da Sarƙewar Numfashi a Sabon Ibadan

Tun da aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a gefen Mokola a birnin Ibadan cikin shekarar 1916, fataken da ke kawo shanu Kudu suna ɗaukar goro zuwa Arewa ba su zauna su kaɗai ba, domin malami da mahauci da wanzami duk sun biyo sawunsu, kowa da sana'ar da ya gada. Bisa al'adar da suka zo da ita, idan numfashin mutum ya sarƙe farat ɗaya, maƙogwaronsa yana ƙara, akan nemi malami ya yi addu'a da tofi, sa'an nan wanzami ya zo da zabirarsa, kuma galibi hukuncinsa ɗaya ne: beli ya yi tsawo, sai a cire.

A ganina wanzami ya dace da muhallin illar, ko da yake ya kuskure sababinta. Lokacin da aka buɗe Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan a 1957, kusa da Mokola, likitocin duniya su kansu sukan ɗauki irin wannan lalura a matsayin asma, har sai a 1983 da wasu likitoci a Denver ta Amurka suka bayyana haƙiƙarta: tantanin maƙwallato, wanda ya kamata ya buɗe yayin jan numfashi, shi ne ke tsukewa. Alamarta kuwa ita ce ƙarar tana fitowa daga wuya lokacin shaƙar iska, alhali ta asma daga ƙirji take lokacin fitarwa, kuma maganin asma ba ya yi mata tasiri. Hayaƙi irin na tukubar masu tsire, da ƙurar hunturu, da turare mai ƙarfi, da firgita, duk suna iya tayar da ita.

Abin da likitoci ke umurni da shi a yau shi ne a zaunar da majinyaci, a kwantar masa da hankali, ya ja iska ta hanci, ya fitar sannu a hankali ta tsukakken baki. Ina kyautata zaton natsuwar da ake samu a gaban malami ta sha taimakawa ta wannan fuska. Amma idan leɓɓa suka yi duhu, ko fuska ta kumbura, ko magana ta gagara, wajibi ne a garzaya asibiti nan take. Yankan beli kuwa, ban da haɗarin zubar jini da kamuwa da cuta, ba ya kaiwa ga tantanin da ke can ƙasa da shi.