Daga ina kalmar "amawali" ta zo mana?

Ƴan'uwa na gida da na Yamai da na Kurmi, a taronmu na bayan salla an yi gardama kan kalma guda, har dattijai suka ce a rubuta ta a wannan takarda.

Kowa ya san amawali. Idan mutum ya naɗa rawani, sai ya jawo shafi guda ta ƙarƙashin haɓa ya rufe bakinsa da shi. Wannan shafin shi ne amawali. Waɗansu daga cikinmu sun tsaya a kan cewa kalmar Larabci ce, tun da yake sarakai da malamai aka fi gani da shi. Amma Larabawa imama suke ce wa rawani, abin rufe baki kuwa lisami. Amawali daga wajen Buzaye muka samo shi. A harshensu amawal shi ne mai tsaro, kamar makiyayin da ke gadin garke. Rawaninsu, wanda suke kira tagelmust, amawal biyu gare shi: na bisa yana sauka kan goshi, na ƙasa yana rufe baki da hanci. Namijinsu ba ya buɗe baki gaban surukinsa, sai ma ya ƙara jan amawal sama. Ashe abin gadin baki ne da mutunci, tare ƙura kuwa ƙari ne. Mu muka liƙa masa "i" a ƙarshe, yadda bakinmu ya saba, kuma na ƙasa kaɗai muka riƙe.

Mun san abin da ya sa wannan magana ba ta yi wa waɗansu daɗi ba. Kakanninmu Kurfayawa sun daɗe suna gwabzawa da Buzaye a Dallol Boso, Imanan da Tagazar suna kudu da mu, mahara kuma suna saukowa daga arewa. A 1916 Fihirun, sarkin Iwillimmidan, ya kawo wa Filinge yaƙi bayan ya tsere daga hannun Faransawa a Gawo, bai ci garin ba. Tsofaffi ba su manta ba. To, amma tsakanin yaƙi da yaƙi akwai kasuwa, akwai rijiya guda, akwai gero da ake musaya da dabba. Ta nan kalma take shiga gida, ba ta neman izinin Mayaƙi.

Kuma ba mu kaɗai muka karɓa ba. Baƙin rawanin nan mai walƙiya da Buzu yake alfahari da shi, wanda ke rina masa fuska, Hausawa ne suke saƙa shi, su rina shi da baba, su buge shi a Kura ta ƙasar Kano. Shi ya sa ake ce masa ɗan Kura. Fatake suka kai musu tufa, mu kuwa muka dawo da sunan shafinta.

Dattijai sun roƙa, duk wanda ya gaji rawanin mahaifinsa ya zo da shi taro mai zuwa, a nuna wa yaran da aka haifa a Kumasi da Abijan yadda ake jan amawali.